Bugun Shadda a Bayan Katanga

Tunda ka dage cewa na'ura ta fi kunnen mutum, gyara zama ka ji wannan misali. An yi wani mai haɗa sauti, gwani na gasken gaske, wanda ko sauro ya gifta gaban makirufo sai ya gaya maka inda ya dosa. Aka ba shi aikin fim a kan wani tsoho mai kaɗa gurmi, irin fim ɗin nan da ake ɗaura wa mutum gilashi a ido, a sa masa abin ji a kunne, ya tsinci kansa zaune a wurin, duk inda ya waiga sautin can ya taso masa. Ya dasa makirufo a kowace kusurwa ta zauren tsohon, ya yi kwana uku yana ɗaukar kiɗa. Bai yi wata da komawa gida ba aka aiko masa cewa tsoho ya rasu. Ke nan abin da ke cikin kwamfutarsa shi ne na ƙarshe, babu sakewa. Don ya karrama mamaci, sai ya zauna ya yi wa sautin tankaɗe da rairaya. Ya cire carar zakara, ya cire ƙarar guga a rijiya, ya bi wani bugu mai naci da ke shigowa ta bayan katanga, inda masu bugun shadda ke aiki, ya share shi kaf. Gurmi ya fito tas, shi kaɗai. Gogan naka har yana yi wa kansa kirari.

To, 'ya'yan marigayin sun ce fim ba zai fita ba sai mahaifiyarsu ta yarda. Tsohuwa ce da yanar ido ta hana gani, saboda haka abin kunnen kawai aka sa mata. Ta saurara jim kaɗan, ta cire ta miƙa masa. Ta ce, "Ɗana, hannun dai nasa ne, amma nan ba zaurenmu ba ne. Ka bar shi shi kaɗai kamar a kabari." Ya shiga bayanin hayaniyar da ya sha wahalar cirewa, ita kuwa ta bar shi ya gama. Sannan ta gaya masa cewa shekara arba'in tana zama a bakin ƙofar zauren nan, ba ta taɓa jin maigidanta ya ɗauki gurmi ba sai masu bugu sun fara. Su ke ba shi kiɗa, shi yana amsa musu; ranar Juma'a da ba sa aiki, gurmin a rataye yake wuni. Kunya ta kama mutumin, ya gode Allah da bai goge ɗaukar farko ba. Ya kawo kwamfutarsa ya zauna a gabanta kamar ɗalibi, ita tana nuni da hannu: bugu ta hagu yake, ƙasa-ƙasa, don katangar ta laka ce, rijiya a baya take, zakaran nan na maƙwabta ne, a matsar da shi can nesa. A rana ta huɗu da fara gyaran aka sake sa mata abin kunnen. Bugu ya taso, ta karkata kai hagu. Da gurmi ya shigo ya amsa, sai ta janye ƙafafunta daga hanya, ta gyara mayafi, ta ce a hankali, "Sannu da aiki, maigida." Sai da ta ji shiru ta tuna ya rasu, hawaye ya zubo mata, ta yi wa mai sautin addu'a, ta ce fim ya fita.

Mutumin nan ya sa sunanta sama da nasa a ƙarshen fim ɗin, kuma har gobe in aka yaba masa aikin, sai ya ce na'ura tasa ce, kunne na tsohuwa ne, Allah ya saka mata da alheri. Kai ma in ka shiga wurin mutane da kayan aikinka, nemi wanda ya daɗe yana zaune a bakin ƙofa, don da ɗan gari akan ci gari.