Ɓarin Ƙwaya

Cikin Yaya ya wuce kwanakinsa da mako biyu, aka kwantar da ita a asibiti don a tayar mata da naƙuda. Shekara bakwai ta yi tana neman cikin nan. Amma abin da ya tsaya mata a rai shi ne gadon da ke kallon nata, inda aka kwantar da ƙanwarta Auta.

Auta ta riga ta aure, ta riga ta samun aiki, ga shi haihuwar fari ma tana neman riga ta.

Ungozoma ta duba Auta, ta ɗaura mata ruwan naƙuda nan take. Ta duba Yaya, ta saka mata ɗan ɓarin ƙwaya.

"Malama, ita leda guda, ni ɗan ɓari sai ka ce abincin tsuntsu?"

"Nata bakin mahaifar ya yi laushi, naki a rufe yake gam. Sai ya yi laushi tukuna. Maganin nan ƙarfi gare shi, kaɗan-kaɗan ake ba da shi, muna sauraren bugun zuciyar ɗan."

Yaya ta taɓe baki. A ganinta son kai ne kawai.

Da la'asar Auta ta sauka. Umma da 'yan barka suka kewaye gadonta, kowa ya ba Yaya baya. Auta ta leƙo tana murmushi ta ce, "Saura ke, Yaya." Da zuciya ɗaya ta faɗa, amma Yaya gori ta ji. Kishi ya rufe mata ido.

Ta kira ƙawarta mai shagon magani, ta faɗa mata sunan da ta gani a jikin kwalin ƙwayar. Aka kawo mata a jakar abinci. Ta shiga banɗaki ta haɗiye guda biyu.

Ciwo ya taso babu hutu a tsakani. Ta cije, ta ƙi kiran kowa don kada asirinta ya tonu, har jini ya ɓalle. Kafin a kai ta ɗakin tiyata mahaifar ta fashe. Aka ciro 'ya mace babu rai, aka cire mahaifar gaba ɗaya don a ceci uwar.

Da ta farfaɗo, Auta ce a kanta tana kuka. Yaya ta ce a miƙo mata abin da ta haifa.

Mai karatu, jikin kowace mace daban ne. Kada ki auna naƙudarki da ta wata, kada kuma ki sha maganin naƙuda a bayan idon likita.