Haƙorin Cin Goro

Haƙorin yana cikin leda, ledar cikin tsumma, tsumman an ɗaure shi da zare. Dattijon ya kwance ƙullin a kan teburin Barista Mas'uda a hankali, kamar mai nuna zinariya.

"Duba shi da kyau, ɗiyata. Ko tsaga babu. Shekara arba'in da shi nike cin goro."

Ta duba. Goro ya rina shi ja, amma lafiyarsa lau.

Wata uku ke nan da ƙungiyarsu ta turo ta Wurno daga Sakkwato, ta buɗe ofishin taimaka wa waɗanda aka cuta a asibiti, kyauta. A wata ukun nan babu wanda ya shigo sai mai tallan albasa da wata akuya. Mutanen garin sun fi son su ce ƙaddara ce, su koma gida. Shugabarta kuwa ta riga ta gaya mata a waya: in shekara ta ƙare babu ƙara ko ɗaya, za a rufe ofishin.

Yau ga ƙara ta kawo kanta daga Dinawa, mutum biyu a kan kabu-kabu ɗaya: mai haƙorin, da amininsa, wani dogo da ya naɗe rawani har haɓa, ya samu kusurwa ya zauna yana sauke numfashi.

Labarin gajere ne. Kunnen dattijon na hagu ne ya dame shi, ya tafi wani asibitin kuɗi a bakin hanyar Goronyo ranar Laraba. Ya miƙa kati, aka kira lamba, aka tambaye shi inda ke ciwo, ya dafe gefen fuska. Aka ce ya buɗe baki, ya buɗe. Bai yi musu ba, don likita ya san aikinsa, wataƙila ta baki ake bi a kai ga kunne. Da ya fito, kunne na nan da ciwonsa, haƙori na cikin aljihu.

Ta nemi cikakken sunansa, sai ya zaro katin asibitin daga hula.

"Ga shi nan, komi da komi an rubuta."

Ta kwafe a natse: Maccido Habi Dinawa, lamba ɗari huɗu da sha bakwai.

"Malam Maccido, shekarunka nawa?"

"Sittin da biyu," in ji na kusurwa daga cikin rawani.

Mas'uda ta yi murmushi. Irin wannan aminci, har shekarun juna an haddace. Nan take ta sa shi a matsayin shaida.

Ita ba mai gaggawa ba ce. Ta rubuta wa asibitin wasiƙa, ta sake rubutawa, a ta uku suka aiko da kwafin fayil. A shafin ƙarshe Likita Uwaisu, mai asibitin, ya rubuta da hannunsa mako guda kafin abin ya faru: haƙorin tauna na ƙasa, ɓangaren hagu, ya ruɓe har saiwa, kunci ya kumbura, a dawo Laraba a cire.

Ta ajiye jan haƙorin kusa da rubutun ta daɗe tana kallon su biyun. Sannan ta kai dattijon wurin wani likitan haƙori a Sakkwato. Aka leƙa bakinsa lungu-lungu, aka ba ta takarda: babu ruɓaɓɓen haƙori ko ɗaya, bai kuma taɓa yin ruɓa ba.

Ta kira Likita Uwaisu. Ya ce ranar Larabar ba ya nan, mataimakinsa ne ya bi abin da ke fayil. Amma ruɓar, ya rantse da idonsa ya gan ta, har warinta bai manta ba. Mas'uda ta rubuta maganarsa kalma-kalma, ta ja layi a ƙarƙashi. Likitan da zai ƙirƙiro ruɓa a takarda, ya kuma rantse a kanta, ai ya gama yi mata aiki.

Sau biyar aminan suka zo ofishin. Takan sayo musu tsire. Dattijon yakan tauna da gefen dama yana mita, aminin kuwa ko kallon naman ba ya yi, sai dai ya ce in da kunu, mai ɗumi-ɗumi. Mutum mai kunya, in ji ta a ranta.

Ranar shari'a kotun ta cika da mutanen Dinawa. Shugabarta ma ta zo daga Sakkwato, ta zauna a bencin gaba. Mas'uda ta jera fayil, takardar likitan Sakkwato, da ƙullin tsumma. Ta raɗa wa dattijon cewa da an kira shi ya miƙe, kada ya ji tsoro.

"Tsoron mi? Ni anka cuta."

Magatakarda ya gyara murya. "Mai ƙara, Maccido Habi Dinawa."

Dattijon ya gyara zama, ya jefa ɓarin goro a baki, gefen dama. Mas'uda ta taɓa hannunsa. Bai motsa ba, sai ma ya waiga baya.

A bencin shaidu dogon ya miƙe, ya warware rawaninsa a hankali, kuncinsa na hagu ya fito suntum kamar albasar Wurno.

"Ga ni, ranka shi daɗe. Aminina Mode na ara ma katina don kar shi biya kuɗin sabo, kamar yadda muka saba. In kun ƙare da haƙorinsa, don Allah a cire mani nawa, wata huɗu ke nan ina jira."