Ƙuri'ar Halimatusa'adiya

A shafi na tara na rajistar masu zaɓe ta wata rumfa a Ceberu Muzzammil ya ci karo da sunan mahaifiyarsa.

Malamin makaranta ne a Gwandu. Alhaji Tajuddeen, mai neman kujerar majalisar jiha, shi ya sa shi ya tattaro sakamakon zaɓukan mazaɓar na baya, don sau uku jam'iyyarsu tana faɗuwa da 'yar tazara, kuma kowa a ofishin kamfen ya yi imani ƙuri'un matattu ne ke kayar da su.

Halimatusa'adiya Abu. An haife ta a Kalgo. Shekarun sun yi daidai. Hoton ya cuɗe a wajen kwafi, baƙi kawai ake gani. Ko da ya fito ma ba zai gane ta ba. Yana da shekara biyar aka ce masa ruwa ya ci ta, kuma babu hotonta ko ɗaya a gidansu.

Ya duba tsofaffin takardun wakilan jam'iyya. Duk zaɓukan uku an yi wa sunan alamar ya kaɗa ƙuri'a.

Ranar Juma'a ya hau babur zuwa Kalgo. Ya tarar da mahaifinsa, Malam Abu, yana gyaran komar kamun kifi a zaure. Tsohon ya daɗe yana kallon takardar da ya miƙa masa.

"Mi kaka nema a Ceberu? Bar wannan magana."

"Baba, da sunan Inna ake satar ƙuri'a."

"Na ce ka bari. In na isa da kai, kada ka taka garin nan."

Muzzammil ya ɗauka tsoron 'yan siyasa ne. Bai bari ba. Ya roƙi a tura shi wakili a rumfar. Alhaji Tajuddeen ya yi murna, ya haɗa shi da majiya ƙarfi shida. Ba wanda ya ce su zo da gora, amma sun zo da su.

Ranar zaɓe majiya ƙarfin suka laɓe bayan katangar firamaren da rumfar take. An shirya da zarar Muzzammil ya cire hula, su fito.

Rana ta take. Layin mata yana ta raguwa. Mahaifinsa ya kira shi sau goma sha ɗaya, bai ɗaga ba.

Gab da azahar jami'in zaɓe ya karɓi katin wata dattijuwa mai shuɗin hijabi, ya karanta sunan da ƙarfi. Muzzammil ya miƙe. Ya ga kawuna suna leƙowa ta saman katanga.

"Ƙarya take yi!" in ji shi. "Mai sunan nan ta rasu shekara ashirin da biyar da suka wuce. Ni ne ɗanta, Muzzammil na Abu mai kamun kifi a Kalgo!"

Jami'in ya ce a bari na'ura ta raba gardama. Matar ta ɗora yatsa ba tare da ta kalli na'urar ba. Muzzammil take kallo.

Hannunsa yana kan hula sa'ad da jami'in ya ce yatsa ya yi daidai, hoto ma ya yi.

Katin da jami'in ya mayar mata ya suɓuce daga hannunta. Ta matso har ta kama gefen rigarsa.

"Muzzammil," ta ce, "wata biyu bayan ya sake ni, ubanka ya aiko har gidanmu aka ce mini ƙyanda ta kashe ka."