Gonar Shabu da Karatun Lauya

Tawada ba ta gama bushewa a babban yatsana ba na fara tunanin ko na yi kuskure. Gonar doyata ta Shabu na sayar ke nan, don jikata ta yi karatun lauya.

Makaranta biyu suka ɗauke ta. Ta gwamnati akwai sauƙi, amma yau yajin aiki, gobe yajin aiki. Ta kuɗi kuwa, shekara ɗaya sai ta cinye doyar shekara uku.

"Kaka, 'yan makarantar kuɗin nan ba sa neman aiki, aiki ke neman su," in ji ta.

Ni ban san boko ba. Amma tun ina budurwa ban taɓa sayen doya ban kankare bayanta da farce na ga cikinta ba. Wannan karon na saya ido rufe.

Lauyan da mai sayen gonar ya turo yana ta harhaɗa takardu. Mutum mai ladabi, da baƙar kwat cikin zafin garin Lafiya.

Na ce, "Ɗana, a ina ka yi karatu?"

Ya faɗi sunan makarantar. Ita ce dai wadda jikata ta zaɓa.

Ta daka tsalle. "Kin ji ko, Kaka!" Ta ruga ɗaki ta kira ƙawarta a waya.

Sai ya matso kusa da tabarmata, ya yi ƙasa da murya.

"Mama, don Allah ko ɗari biyar ce, kuɗin okada. Wata huɗu ke nan oga bai ba ni albashi ba."