'Yan Kunnen da ke Jikin Hoton

Ta kawo wa saurayinta, likitan fata, abincin rana a asibiti, sai ta tarar da ɗalibai sun yi cincirindo gaban allon bincikensa. Hoton kan wata mace ne a jiki, gashin ya zube wuri-wuri. An ja baƙin layi a kan idanun, amma an bar 'yan kunnen. Nata ne. Shi ya saya mata su.

Da ɗaliban suka watse ya hango ta, murmushinsa ya ɗauke.

"Masoyiya, babu mai gane ki. Ai na rufe idanun."

"Ni na gane."

"Dubi yadda maganin ya karɓe ki. Mutum nawa za su amfana..."

"Cewa ka yi za ka ɗauka don ka riƙa ganin sauƙina. Tun da ciwon nan ya fara, ko gaban Mama ban taɓa cire ɗankwali ba. Kai na cire wa. Da ka tambaye ni, wallahi da na yarda."



Ta cire 'yan kunnen a hankali, ta zura su cikin aljihun farar rigarsa.

"Riƙe kayanka, Likita. Su ma ka liƙa a allon."