Gaisuwar Asabar

Tsohon ya daskare a ƙofar gida da ya hango ɗansa tafe a guje, amalanke na biye da shi.

Tun da ɗan ya ƙudurta shiga tseren kilomita ɗari, gudu ya cinye masa mako: Talata hawan dutse, Alhamis rairayin kwari, Asabar sammako zuwa garin Bonkuku, inda ƙanen tsohon yake zaune. Gulma ta cika garinsu Filinge, wai magidanci na gudu ba abin da ya koro shi. Don rufe kunya, kowace Asabar tsohon kan ɗaga murya maƙwabta su ji: "Ka gaida mini ƙanena!" Alhali shekaru ke nan ba sa magana da ƙanen saboda gonar gado.

Amalanken ya tsaya, wani mai furfura ya sauko yana share ido.

"Yaya, gaisuwarka ta yi mini nauyi. Kowace Asabar, kuma da ƙafa! Na ce bari in taho in amsa da bakina."

Tsohon ya dubi ɗansa. "Kai, ashe kaiwa kake yi?"

"Baba, ai aikena ka yi."

Tsohon ya juya ga maƙwabtan da suka taru.

"Ku matsa ya sha iska. Ɗana ne."