Ƙauyen da Ba a Faɗuwa

Tunda kin ce gara ki ƙware tukuna kafin maigidanki ya gani, matso ki ji wani misali.

Wata amarya ce, lallen ƙafarta bai gama gogewa ba aka tura mijinta aiki can kudu, wajen gyaran turakun sadarwa. Auren so suka yi, amma in ya kira waya, daga gaisuwa sai magana ta ƙare, kowa ya yi shiru yana jin numfashin ɗan'uwansa. Da shirun ya yi yawa, sai ya sa ta sauke wani wasa a wayarta, irin wanda mutum ke zaɓar jarumi, ya raɗa masa suna, ya shiga duniya da shi. Ya ce shi da abokansa suna haɗuwa a ciki bayan la'asar, ana yawo tare, ana jin muryar juna. "Ki zo mu riƙa zagawa," in ji shi, "ko ba ki ce komai ba, in dai kina gefena."

To, wasan ba ya sakin baƙo cikin jama'a haka nan. Kowa sai ya fara da wani ɗan ƙauye na koyo, shi kaɗai. Akwai wani tsoho mai sanda a bakin rijiya, shi ke nuna inda ake dannawa a yi tafiya, da yadda ake zare takobi a ɗaga garkuwa. Ya ba ka mutum-mutumin kara ka sara, ya aike ka korar ɓeraye daga rumbu. A ƙauyen nan ba a faɗuwa, ko ɓera ya cije ka ƙarfinka zai dawo da kansa. In ka gama, sai a kai ka bakin wata gada a tambaye ka: za ka ƙetare, ko za ka sake koyo?

Tun ranar farko amarya ta isa gadar. Ta tsaya. Ta tuna yadda ta yi ta sarar iska, da yadda ta juya wa ɓera baya ta ruga ta yi karo da katanga. A nan tsoho ne kaɗai ya gani, shi kuwa ba ya dariya. A can ƙetare akwai maigida, akwai abokan ango masu bakin tsiya, waɗanda ta ɗanɗani zolayarsu ranar sayen baki. In suka ce matar wane ko takobi ba ta iya riƙewa ba fa? In shi ma ya ji kunya a gabansu? Sai ta danna sake koyo. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ta haddace maganar tsoho har tana riga shi faɗa, ta san ramin kowane ɓera. Tuwo ya kama a tukunya tana can tana saran kara. Amma duk sanda ta zo bakin gada sai ta juya, ta ce saura kaɗan. In mijin ya tambaya, yau ta ce babu sabis, gobe ta ce wayar ba caji. Tambayar ta riƙa raguwa, kiran ma ya gajarta, har ranar da ya ce da wata murya a sanyaye, "In ba kya so ne ki gaya min, ba zan ji haushi ba."

Ranar ta zauna ta yi tunani. Ta gane tana ɓoye masa rashin iyawa, shi kuwa rashin so yake gani. Da la'asar ta yi, ta rufe ido ta ƙetare.

Daji ne a can, babu tsoho, babu mai cewa bi nan. Ba ta yi nisa ba kuraye suka fito daga cikin ciyawa. Duk abin da ta haddace ya bi iska. Ta ɗaga garkuwa inda ya kamata ta sara, ta juya baya, suka kai ta ƙasa. Fuskar wayar ta dusashe. Sai ga muryoyi, sai ga dariyar nan da ta daɗe tana gudu. "Kai jama'a, wa ya sako amarya ba 'yan rakiya?" Idonta ya cika da ƙwalla, yatsanta ya nufi wajen kashewa.

Sai wani jarumi ya ratso kurayen ya durƙusa a kanta, ya ɗora mata hannu, ana yagar bayansa bai motsa ba, har haske ya dawo, ta miƙe. Ashe wanda ya faɗi abokin tafiyarsa ke ɗaga shi. Tsoho bai taɓa koya mata wannan ba, don a ƙauyensa babu mai faɗuwa, babu kuma aboki. Ashe kuma maigida bai taɓa nisa da gadar ba. Abokai sun je sun ci garuruwa sun dawo, shi kullum yana kewaya bakin dajin.

"Ranki ya daɗe, zo ki bi bayana," in ji maigida. "Ni ma a nan suka fara kayar da ni."

"Fara?" in ji ɗaya abokin. "Amarya, kamar buhun gero muka riƙa jan mijinki a wurin nan!"

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. Kafin magariba kurayen sun sake kayar da ita, ya sake ɗaga ta, tana ta ba shi labarin tuwon da ya ƙone.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.